Ni da Yayana na Ƙetaren Kogi a Gasar Barazabil ta 1987

Ni malamin motsa jiki ne da ya yi ritaya a garin Kusiri, can ƙuryar arewacin Kamaru, kuma shekaruna sun haura sittin. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami wata magana ce da ta shiga tsakanina da yaran da nake horarwa a bakin kogi. Na gaya musu cewa a zamaninmu akwai gasar da ke tara ƙasashen yankinmu a gari guda, masu gudu da masu tsalle da 'yan ƙwallo duk a lokaci ɗaya, sai na ga suna kallon juna, har wata yarinya ta ce cikin ladabi, tana kirana Mushe, wato “Monsieur” na Faransanci, “Mushe, ko dai gasar Afirka baki ɗaya kake nufi?” Ba ita nake nufi ba. Sunanta Wasannin Afirka ta Tsakiya, kuma sau uku kacal aka yi ta: a Libarabil ta Gabon a 1976, a Luwanda ta Angola a 1981, sannan a Barazabil ta Kwango a 1987. A ta ƙarshen na yi gudu, ban ci lambar komai ba, amma abin da idona ya gani a can ya isa in ba da shaida a kansa tun ina da sauran ƙarfin tunawa.

Wanda bai san Kusiri ba ya sani cewa ruwa ne kawai ya raba mu da Njamena, babban birnin Cadi, daidai inda kogin Logon yake haɗuwa da Shari. Kakana Bakano ne, ya fito da niyyar aikin Hajji a ƙasa kamar yadda mutanen da suke yi, guzuri ya ƙare masa a nan, ya zauna yana sayar da goro har ƙasa ta rufe masa ido. Wasu daga cikin abokan tafiyarsa sun haye ruwa sun kafa gidajensu a wancan gefen. Shi ya sa muka tashi da Hausa a gida, Larabcin Shuwa a kasuwa, Faransanci a lakwal, wato makarantar boko, kuma babu suna ko biki da za a yi a gidanmu ba a ga mutanen ƙetare ba.

A watan Maris na 1980, ina da shekara 16, yaƙi ya ɓarke a cikin Njamena tsakanin dakarun Gukuni Waddai da na Hissen Habre. Lokacin ba a gina gadar Ngeli ba, sai a 1985 aka buɗe ta, saboda haka mutane suka yi ta tsallakowa a kwalekwale, wasu kuma da ƙafa ta wuraren da ruwa ya janye, kasancewar bazara ce. Cikinsu akwai iyalin wani aminin Baba, wanda kakanninmu suka yi tafiya tare. Baba ya ba mazansu ɗakin zaure, Inna ta shigar da matan ciki, aka shimfiɗa wa ɗansu tabarma kusa da tawa. Ya girme ni da shekara ɗaya, don haka tun daren farko Inna ta ce in riƙa kiransa Yaya, kuma har yau da furfura ta cika mana kai haka nake kiransa. Ba zan faɗi sunansa a nan ba.

Yaya ba ya iya barci, domin ƙarar manyan bindigogi tana tsallako ruwa kamar a bayan gidanmu ake harbawa. Da an idar da sallar asuba sai ya sulale ya nufi bakin kogi ya yi ta gudu a kan yashi har rana ta ɗaga. Da na bi shi na tambaye shi abin da ya koro shi, sai ya ce a makarantarsu shi ɗan tsere ne, kuma idan yana gudu numfashinsa ne kaɗai yake ji, ba ya jin harbi. Shi ya fara ba ni labarin Idris Mahamat Uya, ɗan Cadin da ya kai wasan ƙarshe na tsallen sama a gasar Olamfik ta Tokyo a 1964, wanda wani babban filin wasa na Njamena yake ɗauke da sunansa a yau. Shi ya koya mini yadda ake daidaita numfashi da taku, da yadda ake sakin kafaɗa, da cewa mai dogon tsere ba ya kashe ƙarfinsa a zagayen farko. Ba mu da takalmi, ba mu da agogo; wata bishiyar tsamiya da wani tsohon kwalekwale da aka kife su ne farkon filinmu da ƙarshensa.

Baba bai so abin ba. A ganinsa, saurayin da ya sauke Alƙur'ani bai kamata a gan shi da gajeren wando yana gudu ba tare da an biyo shi ba, alhali ga shago yana jiran mai taimako. Malaminmu na motsa jiki, wani mutumin kudu da ya iya Hausa kaɗan-kaɗan, shi ya zo har zaure ya durƙusa ya ce, “Baba, wannan yaro Allah ya ba shi ƙirji, idan an bar shi gudun nan zai kai shi makaranta ta gaba.” Baba ya yi shiru mai tsawo, sannan ya kafa sharaɗi biyu: kada gudu ya hana ni salla a kan lokaci, kuma wandona ya rufe gwiwa duk lokacin da nake cikin gari. Na riƙe su duka biyun.

A 1981 muna zaune gindin rediyon Baba muka ji ana ba da labarin wasannin Luwanda, ana lissafa ƙasashe, Kamaru da Gabon da Kwango da Zayar da sauransu. Yaya ya dube ni ya ce, “Ƙane, in Allah ya yarda ta gaba da mu za a yi, kai da tutarku, ni da tamu.” A ƙarshen wannan shekara suka koma gida tare da dubban 'yan gudun hijira, daga baya mahaifinsa ya mai da kasuwancinsa Mundu a kudancin Cadi, ni kuma wasannin makarantu suka kai ni Marwa, daga nan Garwa inda na shiga karatun malanta. Wasiƙa biyu muka yi wa juna, sai labari ya yanke.

Kiran da aka yi mini zuwa sansanin horo a farkon 1987 ya same ni a Garwa. Na hau mota zuwa Ngaundere, na kwana a jirgin ƙasa har Yawunde, kuma a filin wasa na Ahmadu Ahijo na fara sa takalmin gudu mai ƙusoshi a ƙafata. Ɗan Sahel da ya saba da busasshiyar iska yakan sha wuya a can, domin zufa ba ta bushewa a jiki, ƙirji kuma yana yin nauyi kamar an ɗora masa dutse. Ranar Juma'a nakan gangara unguwar Birketeri in yi salla in ci tuwo cikin Hausawa in ji daɗin raina. Ba zan manta da abokin ɗakina ba, wani Kirista daga yammacin ƙasar mai tseren mita 400, wanda ya lura ina tsoron makara saboda gajiya, sai ya ɗauki nauyin tashina sallar asuba da agogonsa har muka rabu. Kafin wannan sansani, Kamaru a wurina taswira ce a bangon aji.

A Barazabil an yi bikin buɗewa a babban filin da aka gina domin gasar Afirka ta farko a 1965, wanda a lokacinmu ake kira Filin Juyin Juya Hali, yanzu kuma yake ɗauke da sunan Alfons Masamba-Deba. Muna tsaye a layi kafin shiga, kowace ƙasa bayan allon sunanta, kunnena yana jin Faransanci da Lingala da harshen Fotugal na mutanen Angola, amma idona yana kan tawagar Cadi. A farkon wannan shekarar sojojinsu suna gwabzawa da na Libiya a Fada da Wadi Dum, don haka mutane da yawa ba su zaci za su zo ba, sai ga su sun zo, ba su da yawa, kayansu ma ba su kai namu kyau ba. Ina cikin dubawa sai na ji an ce daga bayana, da Hausar gidanmu, “Ƙane, wandon nan bai rufe gwiwa ba, Baba ya sani?” Na juya na gan shi, ya ƙara tsawo, ya rame. Muka rungumi juna, amma na kasa amsa masa, domin Baba ya rasu tun 1985 kuma labari bai kai Mundu ba. Da na faɗa masa, sai ya zauna a ƙasa a wurin, cikin kiɗan badujala da hayaniyar jama'a, ya ɗaga hannu ya yi wa Baba addu'a, hawaye na zuba. 'Yan tawagarsa da nawa suka kewaye mu ba su san abin da ya faru ba, sai da na yi musu bayani da Faransanci cewa mutumin da ya ba shi masauki lokacin yaƙi ne ya rasu. Shugaban tawagarsu ya cire hularsa ya yi mini gaisuwa.

Amfanin gasa mai wasanni da yawa ba ya bayyana ga mai kallo daga nesa. Mu 'yan tsere da babu wanda ya san sunanmu muna cin abinci wuri ɗaya da 'yan ƙwallon ƙafar da ake jin su a rediyo, kuma Kamaru ce ta ɗauki gasar ƙwallon a wannan shekara. Idan ba mu da horo sai mu tafi mu mara wa 'yan ƙwallon kwando ko 'yan ƙwallon hannu baya, su ma su zo su mara mana. A can na fara ganin mata suna wasa da ƙwazo irin wanda ban taɓa zato ba, kuma wannan gani shi ya sa, da na zama malami, na riƙa bin iyaye gida-gida ina roƙon a bar 'yan mata su yi gudu cikin suturar da ta dace. A can kuma na ga yadda mai horar da 'yan wata ƙasa yake ara wa na wata ƙasa agogo ko man shafawa ba tare da jin komai ba, domin dukanmu talaucinmu iri ɗaya ne.

Ranar Juma'a ni da Yaya muka nemi izini muka tafi unguwar Poto-Poto, inda tituna suke ɗauke da sunayen ƙabilu, har da Titin Hausawa. Bayan salla wani dattijo mai sayar da yadi ya ji muna Hausa, ya kama hannunmu ya kai mu gidansa, aka kawo mana tuwon shinkafa da miyar kuka. Ya dubi rigunanmu ya ce, “'Ya'yana, wane ne na Kamaru, wane ne na Cadi?” Da muka faɗa masa sai ya ce shi dai Hausawa biyu yake gani, kuma duk wanda ya ci a cikinmu nasa ne. Daga nan ya sa ɗansa ya raka mu bakin kogin Kwango, muka tsaya muna hangen benayen Kinshasa a ƙetare. Yaya ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, “Ka ga Kusiri da Njamena, sai dai ruwansu ya fi namu faɗi.”

Tserenmu na mita 5000 ne, wato zagaye goma sha biyu da rabi. Daren da za a yi shi Yaya ya same ni ya ce, “Gobe ba sani ba sabo. Ƙasata ta tara abin da ba ta da shi ta turo ni, ba zan bar maka ko taku ɗaya ba, kai ma kada ka bar mini.” Na ce na ji. Da aka harba bindigar tashi, mutanen Ruwanda da Burundi, waɗanda aka haifa a kan tsaunuka, suka ja gaba da wani irin sauri da ban taɓa gani a Garwa ko Yawunde ba. Na yi kuskuren da Yaya ya hana ni tun a bakin kogi, na bi su. Zagaye biyar na riƙe su, a na shida ƙafafuna suka fara nauyi, a na bakwai wani ciwo ya soke ni a ƙarƙashin haƙarƙari na dama har na ji kamar an caka mini wuƙa. Masu gudu suka yi ta wuce ni ɗaya bayan ɗaya. Na fara kallon ciyawar da ke gefen fili, zuciyata tana ce mini in taka ta in huta, tunda lamba dai ta riga ta kuɓuce. A daidai wannan lokaci na ji taku a kafaɗata ta dama, na kuma gane shi tun kafin in gan shi, domin wata ashirin na yi ina jin wannan taku a kan yashi. Bai dube ni ba, ya dai ce cikin haki, “Kada ka tsaya. Saki kafaɗa, fitar da iska, bi ƙafata.” Na manne a bayansa. Mai horar da shi yana bakin fili yana yi masa tsawa da Larabci ya ƙara wuta, kuma na tabbata bai rage gudunsa domina ba, abin da ya ba ni kalmomin nan ne da bayansa da zan bi. Zagaye uku muka yi a haka har ciwon ya sake ni. Da aka kaɗa ƙararrawar zagayen ƙarshe, waɗanda za su ci sun riga sun yi mana nisa, amma mu biyun muka yi tsere na gaskiya. Na wuce shi a miƙaƙƙen layin baya, ya kamo ni a kwana, muka shigo layin ƙarshe kafaɗa da kafaɗa, sannan ya fizge ya riga ni da taku kamar uku. Can baya muka ƙare dukanmu. Muka zube a kan ciyawa, da numfashinsa ya dawo sai ya ce, “Da ka tsaya, da me zan je in gaya wa Inna?”

Mun so mu yi musayar riguna, amma an gaya wa kowannenmu cewa kayan na hukuma ne, sai an mayar. Saboda haka muka cire lambobin da aka maƙala mana a ƙirji muka ba juna. Tasa tana cikin akwatina har yanzu, tare da takardun gidan Baba.

Mun rabu a kan za mu haɗu a gasa ta huɗu, kuma na yi shekara huɗu ina horo dominta. Ba a sake yin ta ba. A watan Agusta na 1987 an yi gasar Afirka a Nairobi, amma lokacina bai kai a tafi da ni ba, kuma a nan ne na fahimci abin da aka rasa. Yaron da ya fi kowa gudu a lardinsu, ko ma a ƙasarsu, ba zai iya tashi kai tsaye ya kara da mutanen Kenya da Habasha ba. Yana bukatar matakala a tsakiya, inda zai gwada kansa da maƙwabta waɗanda ƙarfinsu bai yi masa nisa ba, ya sha kaye ya gyara, ya dawo bayan 'yan shekaru. Da aka cire wannan matakala, samari da yawa da na sani, waɗanda suka fi ni baiwa, sun ajiye takalmi suna da shekara ashirin da 'yan kai. Na san dalilan da ake kawowa, kuma ba ƙarya ba ne: tattalin arziki ya karye tun daga tsakiyar shekarun 1980, an rage darajar kuɗin sefa da rabi a watan Janairu na 1994, yaƙi ya ci Burundi da Ruwanda da Zayar da Angola, ita kanta Barazabil ta ƙone a 1997. Amma a nawa ganin waɗannan ba su isa hujja ba har zuwa yau. Tsibiran tekun Indiya, irin su Madagaska da Morishas da Komoros, suna yin tasu gasar tun 1979 kuma ba su bari ta mutu ba. Mu kuwa abin da aka ba mu a madadi shi ne Kofin CEMAC, wato na ƙungiyar tattalin arziki ta ƙasashen Afirka ta Tsakiya, wanda ƙwallon ƙafa ne kawai, shi ma tun da Cadi ta ɗauka a 2014 ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Ba na ƙin ƙwallo, amma ba kowane yaro aka halitta domin ƙwallo ba. Kuma ba za a ce jama'a ba sa so ba, domin na je Garwa a watan Janairu na 2022 lokacin gasar cin kofin Afirka, na ga yadda filin Rumde Ajiya ya cika da mutanen Yola da Mubi da Njamena da Mundu, suna kwana a gidajen mutanen da ba su taɓa sani ba.

Bayan Barazabil ba mu sake yarda labari ya yanke ba. Inna takan ce zumunci a ƙafa yake, mu kuwa ƙafa ita ce sana'armu. Yaya ya dawo Njamena ya zama mai horarwa. A watan Fabrairu na 2008, da 'yan tawaye suka shiga birnin, ya tsallako gada da matarsa da 'ya'yansa suka sauka a ɗakin zauren nan dai. A watan Disamba na 2021, da rikicin ƙabilanci ya iso Kusiri, mu ne muka tsallaka, shi ya shimfiɗa mana tabarma. A wannan zama ne, muna hira da dare, ya ce mun daɗe muna jiran manya su dawo mana da gasar, ga shi gwiwoyinmu sun fara ciwo, yaransa da nawa kuma ba su taɓa tsayawa a layi ɗaya ba alhali suna iya hango juna daga bakin ruwa.

Sai da muka ɗauki lokaci kafin abin ya yiwu, domin tun da matsalar Boko Haram ta taso tsallaka gada da yaran mutane ba ƙaramin aiki ba ne. Na bi gidaje na karɓi izinin iyaye a rubuce, na tara takardun haihuwa da katin makaranta, na biya kuɗin mota daga fanshona. Ranar wata Asabar cikin sanyin hunturu na tsallaka da yara shida, maza huɗu da mata biyu, muka sami Yaya da nasa a wani filin makaranta da suka zana wa layi da toka. An yi tseren mita 100 da na 800 da na 1500, aka yi tsallen nesa a ramin yashin da suka haƙa da kansu, daga baya yaran suka raba kansu suka buga ƙwallon hannu. Nasa sun ci huɗu, nawa sun ci biyu, ɗaya daga ciki kuwa yarinyar nan ce da ta yi mini tambaya a bakin kogi, ita ta ɗauki mita 800. Matar Yaya ta dafa musu shinkafa da kifin Shari, muka kamo hanya kafin a rufe gada.

Muna cikin mota yarinyar ta ce, “Mushe, yaushe su kuma za su zo wurinmu?” Na ce mata bayan damina in Allah ya kai mu, kuma kafin nan sai mun share filin da ke bayan makarantarsu mun auna shi da igiya, domin Yaya ya ce ba zai kawo yaransa su yi gudu a filin da bai cika mita 400 ba.